Wace Hanya Ce a Bayan Yarona?

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma har yanzu da nake rubuta muku wannan ban sa komai a bakina ba, kokon da aka dama min yana nan ya sandare a kofi. Ni ba mai yawan magana ba ne a zauren nan na direbobi, kun sani. Ina ganin kuna turo hotunan sababbin motocinku da na bikin 'ya'yanku, ina wucewa. Yau dole ce ta sa. Wanda zai yi dariya ya yi, na saba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Idi, a Funtuwa nake. Tirela na ja tun gashina yana baƙi har ya yi fari. Da yanar ido ta fara rufe min gani, mai motar ya aiko aka karɓi makulli, shi ko zuwa da kansa bai iya yi ba. Yanzu a tasha nake wuni a kan benci, ina kallon waɗanda na koya wa riƙon sitiyari suna wucewa suna ɗaga min yatsa ɗaya ta taga. Wani ma ba ya ɗagawa.

Sai na fara gaya muku maganar hoton, in ba haka ba mafarkin ba zai shiga kanku ba. Babban ɗana ya bi masu haƙar zinare tun farkon damina. Kun san halin mutanen nan, in aka samu sabon rami ba sa faɗin inda yake ko da uwarsu ce ta tambaya, wai kada jama'a su yi musu yawa. Na ce masa kada ya je. Ya ce, "Baba, zaman me nake yi a nan?" Ni ma ɗin ai zaman nake. Ya tafi. Bayan kwana biyu ya turo hoto ɗaya a wayar uwarsa, Hajara, da 'yar magana a ƙasa wai "Mun kusa." Shi ke nan. Daga ranar wayarsa a kashe take. An yi shuka, an yi noma, an yanke gero, an shigo da dawa, ba shi ba labarinsa.

A hoton yana tsaye a bakin kwalta da jaka a kafaɗa, yana wannan murmushin nasa na wanda ba ya jin magana. A bayansa akwai hanya miƙaƙƙiya, da giginya ɗaya, da wani dutse can nesa mai tsaga a ka, da falwaya ba waya a jikinta. Ƙafarsa ta hagu ta kare dutsen mil, gefensa kaɗai ake gani. Uwarsa fuskarsa take kallo, ta yi kukanta ta goge wayar da bakin zane. Ni bayansa nake kallo. Na ja hoton nan da yatsa har ya farfashe ya koma kamar saƙar tabarma. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan titi, daga Legas har Agadas, a ce an nuna masa hanya ya kasa cewa ga ta. Hajara takan ce, "Malam, kai fa ka san hanyoyi." Ba da wata manufa take faɗa ba, amma duk sanda ta faɗa ji nake kamar ta mare ni.

To, a mafarkin ina zaune a bencin tasha da rana tsaka. Ba kowa, ba mota ko ɗaya, har mai shayi ya kwashe teburinsa. Wayar tana hannuna ina kallon hoton. Sai na ga tana girma, tana girma, har ta kai faɗin gilashin gaban tirela. Na kai hannu zan goge kamar yadda na saba kafin in tayar da mota, sai kawai hannun ya wuce ciki. Na ji iska mai zafi a tafina. Ban san lokacin da na tsallaka ba, sai ganina na yi a bakin kwaltar, daidai inda mai ɗaukar hoton ya tsaya.

Abin da na fara lura da shi, idona ya warke. Yanar ta tafi tas. Ina ganin tururuwa a kan kwalta, ina ganin tsagar dutsen can nesa kamar a gabana take. Za ku ce ai abin murna ne. Ni tsoro ya ba ni. Ko ina saurayi ban taɓa gani haka ba.

Yaron ba ya wurin. Inuwarsa ce kawai a kwance a ƙasa, har da jakar a kafaɗa, ba mai ita. Na zagaye ta don kada in taka. Na ce a raina, Idi, ga abin da kake nema, an kawo ka har wurin, yi aikinka.

Na ɗaga kai in ga inda rana take, in san gabas, in san ko hanyar kudu ta nufa ko arewa. Ba rana a sama. Haske ne kawai ko'ina, fari fat. Na duba inuwar giginya, ta faɗi dama. Inuwar falwaya ta faɗi hagu. Tawa ban gan ta ba sam. Na bar wannan.

Na durƙusa na ɗebi ƙasa. Ja ce mai tsakuwa, irin wadda take manne wa taya in ka wuce Tegina. Na ce alhamdulillahi, an fara. Ina murza ta a hannu sai ta koma farin rairayi tana zuba ta tsakanin yatsuna, irin na bayan garin Tawa a Nijar. Na sake ɗiba a wurin, ja. Na murza, fari. Na zubar na goge hannuna a riga.

Sai na tuna dutsen mil. Yanzu ba ƙafar da ta kare shi. Wallahi na yi murna, na ce magana ta ƙare. Ni a aji huɗu na tsaya, ban ɓoye wa kowa ba, amma allon hanya ba ya gagarata. Na tsuguna a gabansa. Ta wannan fuskar irin namu ne, siminti tsaye da sunan gari a taƙaice. Na zagaya ɗaya fuskar, sai na ga mai jan kai, irin na Nijar. Rubutun kuma ba ya tsayawa. In kama harafin farko, kafin in kai na biyu ya canza. Na sa yatsa na danne shi, na ji yana motsi a ƙarƙashin yatsan kamar tsutsa. Na janye hannuna da sauri.

Falwayar ma na tsaya na kalla, amma me za ta gaya min? An kafa, an yi biki, an tafi, ba a ja waya ba. Irin wannan ai ba jihar da babu.

Ina nan tsaye sai ga wata mata ta fito daga cikin ciyawa, da itace a cikin babbar ƙwarya, ta ɗora a kafaɗa, ba a ka ba. Duk wanda ya bi hanya ya san matan Gwari ne suke ɗaukar kaya haka. Na ce to, ƙasar Gwari ce ke nan, ko ta Neja ko ta Kaduna. Na tare ta na ce, "Sannu baiwar Allah. Don Allah wane gari ne a gaba?" Ba ta kalle ni ba. Na sake cewa, "Uwar gida, magana nake. Mene ne sunan dutsen can?" Ta wuce ta gefena har ƙwaryar ta kusa taɓa min kunne, ba na jin takunta, ba na jin numfashinta. Ta tsallaka titi. Da ta kai ɗaya gefen sai na ga ba mace ba ce, raƙumi ne da kayan gishiri, yana tafiya shi kaɗai, akalarsa tana jan ƙasa. Raƙumin gishiri a ƙasar Gwari. A nan na gane wurin nan wasa yake da ni.

Na ce bari in bi titin, hanya dai ba ta rasa gari. Na fuskanci dutsen mai tsaga na kama tafiya. Ba mota ta gaba, ba ta baya. Ba tsuntsu. Ba ko kashin shanu a gefen hanya. Ina ta tafiya dutsen yana nan inda yake, bai matso ba, in na waiga kuma giginyar tana bayana kamar ban ɗaga ƙafa ba.

Sai kawai na ga ganye a kan kwalta.

Ku ba sai na yi muku bayani ba, amma na san akwai 'yan kallo a zauren nan da ba su taɓa canza taya ba. In mota ta lalace maka a daji, kakan yanko rassan itace ka jera a kan titi tun daga nesa, don mai zuwa ya gani ya rage gudu kada ya afka maka. Kuma ba wanda yake zuwa nesa neman ganye, abin da yake kusa da hannunka shi kake yanka. Saboda haka ganyen da ke kan titi shi ne ganyen ƙasar. Na ji daɗi. Na ce wannan kam ba zai yi min ƙarya ba.

Na ɗauki na farko, sabara ce, ta bushe. Arewa ke nan. Na yi gaba kaɗan na ɗauki na biyu, kalgo. Na gaba kaɗanya. Na gaba doka, mai faɗin ganyen nan na dajin Birnin Gwari. Kowanne ya fi na baya ɗanyantaka. Can sai ga ganyen kwakwar manja, kore shar, irin wanda ba ka ganinsa da yawa sai ka tsallake gadar Jebba, ruwa yana ɗiga daga inda aka sare shi. A 'yar tafiyar da ba ta kai daga tasha zuwa gidana ba, na ratsa ƙasar nan tun daga sama har ƙasa. Na tsaya da ganyen a hannu kamar wawa.

A nan ne na lura da wani abu. Direban da motarsa ta lalace, hannun titin da yake kai kaɗai yake sa wa ganye. Ɗaya hannun yakan bar shi a buɗe, don shi so yake a kauce masa a wuce. Wannan kuwa an shimfiɗa shi daga wannan baki zuwa wancan baki, hannu biyu, a jere, da natsuwa. Wanda ya yi wannan aikin ba so yake a wuce ba. So yake a tsaya.

Na so in juya. Ƙafata ta ƙi, gaba kawai take yi.

Ina shan wata kwana sai ga motar. Motar kaya ce ƙirar Kanta, fara, an sauke ta gefen hanya, ƙofofinta a buɗe. A bayanta akwai diga da shebur da darurrukan wankin ƙasa, kayan masu zinare. Ba jek a ƙarƙashinta, ba a buɗe inji ba, tayoyinta lafiya lau. Na zagaya ta da ido irin na mai sana'a, motar nan ba abin da ya same ta. Takalma ne a tare wuri ɗaya kamar ƙofar masallaci. Wayoyi kuma an zuba su a daro ɗaya, duk suna haske ana kira, ba ƙara. A gefen hanya mutane suna zaune a jere a ƙasa, sun ba titi baya, sun fuskanci daji. Ba mai motsi. Ba wanda yake gadinsu, ban ga bindiga ba, ban ga kowa a kansu ba, amma suna zaune kamar an ce wanda ya waiga ya mutu.

A kan matakalar kantar wani mutum yana zaune yana shan rake. Tun kafin ya ɗago na gane hular. Marigayi Tanko ne, maigidana na farko, wanda na yi wa karen mota a babbar motar katakon nan da ake ce wa roka. Ni na riƙe makararsa da hannuna. Ga shi nan yana tofar da ɓawon rake, bai tsufa ba, ni na fi shi furfura.

Tanko yana da wata ɗabi'a. In ina gyangyaɗi a gaban mota sai ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce, "Ina muke?" Ba damar tambaya, ba damar jiran allo. Ka kalli ƙasa, ka kalli itace, ka kalli yadda aka yi jinkar ɗaki da ginin rumbu, ka saurari kukan taya, ka faɗa. In ka ɓata, ranƙwashi da zoben azurfarsa. Da haka na san hanya. Har yau akwai wurin da in na taɓa a kaina nake tuna shi.

Ya ɗago ya dube ni, bai yi mamaki ba. Ya ce, "Idi. Ina muke?"

Na ce, "Maigida, yarona nake nema."

Ya ce, "Ina muke?"

Na bar shi na bi bayan mutanen ina duba ƙeyarsu ɗaya bayan ɗaya. Can kusa da ƙarshe na gan shi. Ba sai na ga fuska ba. Ga tabon da ya ji sanda ya faɗo daga katanga yana ƙarami, ga wuyan rigar da ke cikin hoton. Na yunƙura in zagaya gabansa, sai kwaltar ta yi laushi ta riƙe min ƙafa har idon sawu. Da zafi kuwa. Ina jin warinta.

Tanko ya ce daga inda yake, "Ka faɗi inda muke, ka ɗauki naka ku tafi."

Na haɗa abin da na gani, jar ƙasa da matar nan da doka. Na ce, "Tsakanin Tegina da Kontagora."

Tanko ya dube ni. Bai taso da zoben ba, ni kuwa wallahi da ranƙwashin ya yi min da na fi so. Ya tofar da ɓawo kawai. Sai mutum na farko a layin ya miƙe, ba takalmi, ya shiga ciyawa. Ciyawar ta fi shi tsawo. Ta rufe.

Na ce, "Hanyar Anka." Wani ya miƙe ya shiga. Na ce, "Bayan Ƙonni." Wasu biyu suka miƙe. Daga nan kaina ya kwance, na kama zubo sunaye kamar ɗan kamasho yana kiran fasinja, duk hanyar da na taɓa sa taya a kanta, ta gabas da ta yamma, har waɗanda na san ba giginya a cikinsu. Bakina yana gudu ni ba na iya tsayar da shi. Kowane suna na faɗa sai wani ya tashi. Sai da layin ya kusa ƙarewa na gane ashe ni nake tura su. Na sa hannu biyu na toshe bakina.

Saura shi da wasu 'yan samari kaɗan.

Tanko ya ce, "Ba ka sani ba ke nan."

Na ce, "Ban sani ba, maigida."

Ya ce, "Duk ranƙwashin nan a banza." Ya duba raken hannunsa, ya ce, "To ka tambaye shi mana. Ga shi nan a zaune. Ai shi ya san inda aka sauke su."

Kafin in buɗe baki, sauran suka miƙe gaba ɗaya, har da shi. Ya saɓa jakarsa. Suka nufi ciyawar, a hankali, ba mai sauri. Na ja ƙafata, kwalta ta ƙi saki. Na ce, "Kai!" Bai juya ba. Na ce, "Kai yaro! Kai, magana nake!" Ba wanda ya juya.

Tanko ya yi 'yar dariya ya ce, "Duk nan yara ne, Idi. Wanne a ciki?"

Ku 'yan zamani ba za ku gane ba. Ɗan fari ne. Tunda aka raɗa masa suna ban taɓa kama sunan nan da bakina ba, haka uwarsa. Haka muka taso, ubana bai taɓa kiran yayana da suna ba har ya koma ga Allah, kuma ba ƙi ba ne, kunya ce. In zan kira shi "kai" nake cewa, ko in ce wa ƙannensa "ina yayanku". Ko a asibiti aka tambaye ni sunansa sai in juya in ce wani ya faɗa. Ban ga laifin wannan ba, har gobe. Amma ga ni a tsaye, kwalta ta riƙe ni, yaro yana tafiya, tsakaninsa da ciyawa bai fi tsawon tirela ba, sunan yana nan a maƙogwarona kamar ƙashin kifi. Na buɗe baki, iska ce ta fito. Na sake, harshena ya naɗe. Ina jin kunya. Ku ji fa. A wurin nan, a wannan halin, kunyar Tanko nake ji, kada ya ji na kira sunan ɗana.

Na farkonsu ya shiga ciyawa. Na biyu ya shiga. Ya rage shi kaɗai, har ya sa hannu ya buɗa ciyawar.

Ban san daga ina ƙarfin ya zo ba. Na kira shi. Na kira sunan gaba ɗaya, da ƙarfin da har dutsen can ya maido min da shi.

Ya tsaya. Hannunsa yana kan ciyawar. Wuyansa ya fara juyowa, a hankali, na ga kunnensa, na ga gefen kuncinsa, na ga bakinsa ya fara buɗewa zai yi magana.

Sai kawai na ji ana jijjiga min kafaɗa.

Hajara ce. An fara kiran assalatu. Na jiƙe sharkaf, ƙafafuna sun ƙage kamar na yi wuni a kan kuloci. Na daka mata tsawa na ce, "Wa ya ce ki tashe ni? Da kin bar ni kaɗan!" Tana zaune a bakin gado ta zuba min ido, ta riƙe haɓa. Can ta ce, "Malam, sunansa ka kira."

Na ce, "Mafarki ne."

Ta ce, "Tunda aka haife shi ban taɓa ji a bakinka ba." Ta ce, "Ka gan shi? A ina yake?"

Na ce mata lokacin salla ya yi. Na ɗauki buta na fita.

Da gari ya waye na karɓi wayarta na ce zan kai caji. Na zauna a bayan gida inda haske yake da kyau na buɗe hoton. Duk watannin nan dutse nake kallo, da giginya, da gefen dutsen mil. Ban taɓa kallon kwaltar kanta ba, kwalta ai kwalta ce. Yau na kalla. Can baya, bayan kafaɗarsa, inda titin ya fara tsukewa, akwai wani abu kore-kore a kwance. Idona na farke ba irin na mafarki ba ne, yanar tana nan inda take. In na ja hoton sai ya farfashe, in na sake shi sai abin ya yi ƙanƙanta. Wani lokacin in ga kamar ciyawar gefen hanya ce ta kwanto. Wani lokacin in ga kamar ya ratsa daga baki zuwa baki.

Sannan wata tambaya ta zo min wadda ya kamata a ce na yi ta tun ranar farko. Me ya tsayar da motarsu a wurin? Ba gari, ba mai tsire, ba masallaci, ba rijiya. Wane direba ne yake tsayawa a tsakiyar daji haka kawai har fasinja su sauko suna ɗaukar hoto? Sai dai in ya hango ganye a gaba ya taka birki, ya ce bari a ga abin da ke faruwa. Su kuma yara sun samu an tsaya, sun sauko suna miƙe ƙafa suna dariya.

Ban nuna wa Hajara ba. Na tura hoton a wayata, na maido mata tata na ce ba wuta a wurin mai cajin. Tun ɗazu tana leƙo ni ta taga.

Ga hoton nan na sa muku a ƙasa. Ban zo neman a ce min "Allah ya sa alheri" a wuce ba, na ji wannan har na ƙoshi. Wanda kuma zai biyo ni ta gefe ya ce in kawo baƙin bunsuru, ya riƙe abinsa. Masu lafiyar ido a cikinku, ku ja hoton ku duba bayan kafaɗarsa ku gaya min gaskiya, ganye ne ko ciyawa, in ganye ne hannu ɗaya ne ko biyu. Wanda ya taɓa wuce dutsen nan mai tsaga a ka da giginya ɗaya a hannun hagu, ya faɗa min hanyar, ko a bayan motar shanu ne zan hau in je.

Masu sanin fassara kuma, ku taimake ni da wannan. Mamaci ne ya tsare su a mafarkin, amma ba shi ya tafi da su ba, da ƙafarsu suka shiga ciyawa. Duk waɗanda suka shiga ba wanda ya waiga. Nawa bai shiga ba, ya tsaya, ya ji ni, har ya fara juyowa aka tashe ni. Wanda aka kira ya tsaya a bakin ciyawa bai shiga ba bai kuma dawo ba, a wurinku mai rai ne da yake jira a zo, ko kuwa sallama ya tsaya yi min? Me zan ce wa matar nan in ta sake tambayata?